Sabon Ganyen Ticha Alhasan

Abin da ya fara ɗaukar idona a Salaga wani buhu ne da ke motsi shi kaɗai a gindin darbejiya, bakin kasuwa. Saukowata ke nan daga lorin da ya kwaso mu daga bakin ruwan Makango, ƙafafuna sun kumbura, kwana shida rabona da Funtuwa. Ina ganin buhun nan sai na manta da gajiya. Na ce a raina, ashe dai gaskiya ne, ga wurin da abin ya faru.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane dalili. Ticha Alhasan mutumin Gana ne, shi ya koya mana Turanci a sakandare. Duk ranar Laraba yakan ware darasi guda don idiyom, wato maganganun nan na Turawa masu harshen damo, abin da suka faɗa daban, abin da suke nufi daban. Bi da bi yake yi mana shifta, daga harafin A, kuma kowace magana sai ya haɗa ta da labarin asalinta. Ni labaran ne suka kama ni. A lokacin ba ni da abinci sai ƙananan littattafan soyayya na bakin kasuwa, masu hoton budurwa tana kuka a bango, saboda haka duk abin da aka ce mini yana da labari, na ba shi zuciyata. Darasi na ƙarshe da ya yi mana shi ne "let the cat out of the bag", ma'ana tona asiri. Ya ce a kasuwar garinsu Salaga aka fara faɗar ta: wani mayaudari ya sayar wa baƙo zabo a cikin buhu, baƙon ya kwance bakin buhu a gaban jama'a, sai ga kyanwa ta yi tsalle ta fito. Mako na zagayowa aka ce baƙi marasa takarda su koma ƙasashensu. Ticha ya tafi ko sallama ba mu yi ba, littafina ya tsaya a harafin L.

Sau biyu ina zama jarrabawar Turanci, sau biyu ina faɗuwa. Komai na ci sai ita, kuma ba a shiga kwalejin malamai sai da ita. Mahaifina mai injin niƙa ne, ba mai yawan magana ba. Ya ce zai sake biya mini sau ɗaya tak, in na faɗi, ga inji nan yana jiran wanda zai tsaya a kansa har tsufa. Ni kuwa na riga na yanke wa kaina cewa abin da ke kayar da ni rabin littafin nan ne da babu, daga M zuwa Z. Na rubuta wa Ticha wasiƙa ta adireshin da ya taɓa ba mu. Bayan wata bakwai amsa ta zo, layi huɗu: gaisuwa, addu'a, sai wannan jimla, "I have turned over a new leaf." Na buɗe ƙamus. Leaf, ganye. A ƙasa kuma an ce ana kiran warƙar littafi da wannan suna. Na daka tsalle. Ya buɗe sabon shafi, ya ci gaba da littafin! Da wannan fassarar na shawo kan mahaifina ya haɗa ni da wani amininsa ɗan kasuwar goro mai zuwa Kumasi, daga can na kama hanyar arewa ni kaɗai.

To, ga ni a gaban buhu. Mai buhun wani dogo ne da hular saƙa, yana sakace da tsinke. Na yi masa sallama na ce, "Malam, a nan wurin ne aka saki kyanwar?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wane kyanwa, massa? Zabo ne. Za ka saya?"

Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da Turancin. Kafin in gama mutum biyar sun kewaye mu. Mai buhun ya juya ya ƙwala wa wani tsoho mai sayar da igiya kira, "Baba Isifu, zo ka ji! Wannan ɗan Najeriya ya zo tun daga can neman kyanwa a buhu!"

Tsohon ya ce, "A kasuwan nan aka yanke mini cibiya, ban taɓa ji ba koraa, ko sau ɗaya. Ko kyanwan naka ne ya ɓata?"

Aka kwashe da dariya. Wata mai tallan gyaɗa ta ce in je in duba rijiyoyi, garin ba ya rasa su, wataƙila ta faɗa ɗaya. Na ɗauki jakata na bar wurin. Har na yi nisa ina jin mai zabo yana kwaikwayon kukan kyanwa.

Gidan da ke adireshin na yayar Ticha ne, Hajiya Mariyama, mai fataucin doya. Su tsofaffin gidan fataken goro ne, Hausarta tsaf kamar ta Katsina, ba irin ta kasuwa da ake ce wa mace "ya zo" ba. Na same ta a zaure tana sa ido ana jera doya. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta ce, "Ɗan nan, iyayenka sun san ka zo nan?"

Na ce sun sani.

"Kuma suka bar ka." Ta girgiza kai. "Alhasan ya bar garin nan wata biyar ke nan, yana Yendi, wai ya samu koyarwa. Littafi kuwa ban ga ya shigo da ko takardar ƙunshe ƙosai ba. Ranar da ya dawo daga ƙasarku da silifa ƙafa ɗaya ya shigo gidan nan."

Na ce mata ai ya rubuto mini da hannunsa cewa ya juya sabon ganye.

"Ganye? Mu dai ganyen da muka sani na ɗaure goro ne. Tashi ka wanke ƙafa ka ci abinci."

Kwana huɗu na yi a gidanta ina jiran lorin doya mai zuwa Yendi. Ba ta karɓi komai daga gare ni ba, amma kuma ba ta fasa yi mini tsiya ba: duk baƙon da ya shigo sai ta nuna ni ta ce ga mai neman ganye. Zafin garin ya fi ƙarfina, sakwarar doya safe da yamma ta ishe ni, na riƙa tuna tuwon dawa da miyar kuka na gidanmu, har ƙarar injin mahaifina da na tsana sai na ji ina kewarta. A littattafan da na karanta, saurayi in ya yi tafiya irin wannan, a gari na farko yake haɗuwa da wanda zai buɗe masa ƙofa. Ni a gari na farko aka raɗa mini suna Mai Kyanwa. Ranar tafiya Hajiya ta ƙulla mini gari da ƙuli a leda, ta ce in na ga ƙanen nata in ce masa gidan ubansa bai rushe ba.

A saman doya na yi tafiyar, ta Bimbila. Taya ta fashe sau biyu, ta biyun babu safaya, muka wuni a bakin hanya har wani lori ya zo ya ara mana. Duk wanda ya taɓa zama a kan doya yini guda ya san babu gefen da za a juya a ji daɗi.

A Yendi na fara jin ni baƙo ne sosai. Dagbanci ake yi, in an gaishe ka sai ka ce "naa", ni kuma sai in ce "lafiya lau", a bi ni da kallo. Wani limamin zango ya ba ni wurin ajiye tabarma a shagon masallaci. Washegari na nemi makarantar da aka ce Ticha yana koyarwa. Hedimastan wani gajere ne mai farin gilashi, ya bar ni tsaye ya gama shan shayinsa, sannan ya ce Alhasan zango ɗaya ya yi ya ajiye aiki, bai san inda ya nufa ba. Da na ba shi labarin rabin littafi sai ya cire gilashin ya goge, ya ce, "Young man, you are on a wild goose chase." Na yi maza na rubuta a tafin hannuna. Harafin W ne, yana cikin rabin da ba ni da shi. Goose dai na san dinya ce. Na fito ina tunanin ko nufinsa Ticha ya koma farauta.

A ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro kusa da tasha akwai masu rubuta wa mutane wasiƙa da tafireta. Ɗaya daga cikinsu, wanda kowa ke kira Furofesa, ya ga ina ta kai da kawowa ya yafuto ni. Yana da taye a wuya duk zafin nan, da biro huɗu a aljihu. Ina ambatar sunan Ticha ya buga cinya.

"Alhasan! Abokina ne paa, na ƙud da ƙud. A kan wannan tafireta ya buga littafin. Kwafin yana gidana."

Na ji kamar in rungume shi. Ya ce kwafin ɗaya ne, ba zai rabu da shi ba, amma zai buga mini nawa cikin kwana uku. Da ya ga abin da ke aljihuna ba zai kai ni ko'ina ba, sai idonsa ya sauka kan agogon hannuna, wanda mahaifina ya ba ni ranar da na gama sakandare. Na kwance na ba shi nan take.

A kwana ukun nan na san Amina. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin tasha, kullum da safe ina zuwa wurinta. Doguwa ce, tana da wushirya, in tana zuba koko takan ɗaga ludayi sama ya zubo kamar zare. Tun ranar farko na gama tsara komai a kaina: zan ci jarrabawa, in zama malami, in dawo da mota in ɗauke ta, mu riƙa ba 'ya'yanmu labarin yadda muka haɗu. Ita kuwa abin da ya haɗa ta da ni bai wuce "Aboki, da siga ko babu?" ba.

Rana ta uku Furofesa ya miƙo mini takardu goma sha biyu an ɗinke su da zare, daga M har Z, kowace magana da ma'anarta. Na koma shagon masallaci na wuni ina hadda. "Pull someone's leg", taimaka wa mutum ya sauko daga lori. "Rain cats and dogs", shekarar da dabbobi suka yi yawa. "Red tape", kyautar da masoyi ke ba masoyiyarsa. Wannan ta ƙarshe ta yi mini daɗi ƙwarai. Na yagi takarda na rubuta wa Amina wasiƙa da Turanci, na zuba duk abin da na sani: ita ce "apple of my eye", na faɗa sonta "head over heels", kuma ina fata wata rana in kawo mata "red tape" da hannuna. Ban yi zaton za ta iya karantawa ba. So nake ta kai wa wani ya karanta mata, a ji irin saurayin da ta samu.

Da safe na miƙa mata tare da kwanon koko. Ta goge hannu a zane, ta buɗe, ta karanta a tsaye leɓenta na motsi. Da ta kai ƙarshe sai ta dafa tebur tana dariya har da hawaye.

"Aboki, me na yi maka za ka kawo mini red tape? Wanda na sha a ofis wajen neman takardan shaida bai isa ba?"

Ashe ta gama midil, har ta fara sakandare kuɗi ya yanke. Ta ce red tape shi ne jeka-ka-dawo na ma'aikata, a sa hannu nan, a buga hatimi can, wai daga jan ƙyallen da ake ɗaure fayil da shi. Na ciro takardun Furofesa na nuna mata. Tana bi da yatsa tana tsaki.

"Wannan ƙarya. Wannan ma ƙarya. Pull your leg zolaya ne. Cats and dogs ruwan sama ne mai ƙarfi. Wa ya ba ka wannan shirme?" Da na faɗa mata sai ta riƙe haɓa. "Furofesa? Shi da bai gama firamare ba? Me ka ba shi?"

Na nuna mata wuyan hannuna, inda fatar ta fi haske.

Na same shi a gindin mangwaro yana buga wa wata tsohuwa wasiƙa. Na jefa takardun kan tafiretar. Bai ko ɗaga kai sosai ba.

"Massa, ka ce kana son M zuwa Z. Ga M. Ga Z. Akwai wanda ya ɓace a tsakani?"

Na ce ya ba ni agogona. Ya ce agogo ya tafi Saboba tun jiya a hannun wani mai shanu, in ina so in bi shi. Sauran masu tafireta suka sunkuyar da kai suna murmushi. Ban san kowa ba, ban iya yaren da zan kai ƙara da shi ba. Na tsaya a rana kamar an dasa ni, sannan na koma wurin Amina don ba ni da wani wurin zuwa.

Ta zuba mini koko ba ta tambaye ni siga ba, ta ƙara ƙosai biyu. Na ba ta labarin Ticha, sannan na buɗe tafin hannuna, rubutun ya kusa gogewa, na ce wannan fa?

"Wild goose chase? Bin abin da ba za ka kama ba. Wahalan banza." Ta rufe tukunyar kokon. "Amma mutumin naka ba tsuntsu ba ne. Wani siriri mai tabo a goshi? Yana shan koko a nan da. Kawuna direba ne, ya ce ya gan shi a Bawku cikin 'yan albasa. Jibi zai tafi, zan ce ya ɗauke ka."

Na ce mata wasiƙar fa, me ta ce? Ta ninke ta ta sa a ƙarƙashin farantin ƙosai, ta ce, "Apple ɗin ya yi kyau. Je ka ci jarrabawanka." An sa ranarta da wani mai gyaran rediyo, kawun ne ya faɗa mini a hanya, muna hawan tudun Nakpanduri lori na nishi kamar zai koma da baya. Na kafa wa hanya ido har muka wuce Garu.

Bawku ta karɓe ni da Hausa ta ko'ina, har na ji kamar na dawo gida, sai dai warin albasa ya cika gari. A rumfa ta bakwai da na leƙa na gan shi. Yana tsugune a gaban tsibin albasa, da tsohuwar singileti, yana ware ruɓaɓɓu yana jefawa a kwando. Mutumin da ban taɓa ganinsa babu taye ba. Na tsaya na ce, "Good morning, sir."

Ya ɗago, ya daɗe yana kallona. "Habibu? Na layin taga? Innalillahi. Me ya kawo ka nan?"

Na ciro wasiƙarsa, ta yi laushi don ninkewa, na nuna masa jimlar. Na ce na zo karɓar sabon shafin, daga M zuwa Z. Ya karanta, ya sake karantawa, ya zauna a kan buhu ya rufe fuska da hannu. Na ɗauka kuka yake. Da ya buɗe sai na ga abin ya fi kama da dariyar da ba ta da daɗi.

"Asalin ka gano daidai. Ganyen nan warƙar littafi ce, daga nan maganar ta fito. Amma ma'anarta mutum ya sauya hali, ya bar rayuwar da yake yi ya kama wata. Ina gaya maka ne na bar alli, Habibu. Na gwada komawa a Yendi, na ga ba zan iya ba. Albashin malami a nan ba ya kai mako biyu."

Na ce to littafin fa?

"Babu littafi. Ba a taɓa yin sa ba. Ranar Laraba da asuba nake zama in tsara na ranar."

Na ce kyanwar Salaga fa? Na faɗa masa abin da aka yi mini a kasuwa.

"A kasuwannin Ingila ake ba da labarin, kuma ɗan alade ne a buhun, ba zabo ba. Shi ma masana ba su tabbatar ba. Zan tsaya gaban 'ya'yan Musulmi arba'in in ce alade? Na mai da shi zabo. Salaga kuwa," ya ɗauki albasa ya juya ta a hannu, "shekara huɗu ban ga gida ba a lokacin. In na ambaci sunan garin a aji sai in ji sanyi."

Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba. Na ce masa ƙasa huɗu na ratsa, an yi mini dariya, an raba ni da agogon mahaifina, saura wata shida jarrabawa, in na faɗi injin niƙa ne har in mutu, duk saboda layi ɗaya da ya kasa rubutawa da Hausa. 'Yan rumfa suka bar aiki suna kallonmu. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Kana da wani abu da ka rubuta da kanka? Insha'i, wasiƙa, komai."

Ina da kwafin insha'in da nake bita da shi, kan tafiya zuwa ƙauye. Ya karanta layi shida ya tsaya.

"Tambayoyin idiyom a jarrabawa kaɗan ne, ko duka ka faɗi ba za su kayar da kai ba. Wannan ne ke kayar da kai. Layi shida, idiyom tara. Wata ya yi kuka, zuciyarka ta zama kurciya, kakarka ta zama apple of your eye. Ina ƙauyen? Yaushe ka isa? Wa ka gani? Mai maki yana da takarda ɗari a gabansa, so yake ya gane abin da ya faru."

Wannan ta fi zafin agogo. Abin da nake taƙama da shi ke nan a duniya.

Ya ce in zauna wata biyu. Na isar masa da saƙon Hajiya, ya ce ya ji. Matarsa Mma Fati ta gyara mini ɗakin ajiyar buhuna. Da safe ina tsugune tare da shi muna ware albasa, yana jefo mini magana ina ba da ma'ana, in na tambayi asali ya ce sai na kawo ma'anar goma a jere ba kuskure. "Once in a blue moon?" Abin da ba ya faruwa sai jifa-jifa. "Smell a rat?" Zargin akwai wata a ƙasa. "Turn a blind eye?" Ka gani ka yi kamar ba ka gani ba. In na cika goma sai ya ba ni labari ɗaya, kamar na kwamandan jirgin ruwa mai ido ɗaya da ya ɗora madubin hangen nesa a makahon idonsa don kada ya ga umarnin janyewa, kuma kowane labari sai ya ƙare da "haka ake faɗa, ban kasance a wurin ba."

Da rana kuma ya sa ni rubuta wa 'yan albasa wasiƙun Turanci zuwa ga dillalansu na Kumasi. Buhu kaza ya taso ranar kaza, direba wane, a duba na ƙasa sun jiƙe. In na sa kalma ɗaya ta ado sai ya soke ta da biro ja ya ce in sake. Na tsani aikin nan. Akwai ranar da na sake wasiƙa ɗaya sau biyar saboda na ce albasar tana murmushi. Na yi fushi na ƙi cin abinci, Mma Fati ta ajiye mini kwano a bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, yi faɗa da shi, kar ka yi da tuwo."

Na koma Funtuwa ina warin albasa, babu agogo, babu rabin littafi. Mahaifina ya dubi hannuna, ya koma kan injinsa. A jarrabawar na rubuta insha'i kan tafiya a saman lorin doya, idiyom ɗaya tak na sa. Sakamako ya fito na samu kiredit mafi ƙanƙanta, wanda daga shi sai faɗuwa. Ya isa. Na shiga kwaleji, injin ya koma hannun ɗan kawuna.

Sai bayan shekara goma sha ɗaya na sake taka Bawku, lokacin ina koyar da Turanci a wata sakandare. Wasiƙa ce ta zo cewa Ticha ya samu shanyewar ɓarin jiki. Na same shi a kujera a tsakar gida, ya rame, hannun dama a kwance kan cinya. Ciwon ya tafi da Hausarsa, ya tafi da Gonjancinsa, yaren mutanen Salaga, ya bar masa Turanci kaɗai, shi ma gutsure-gutsure, yawanci irin maganganun da yake koya mana. Mma Fati ba ta taɓa shiga aji ba, amma shekara biyu tana jinyarsa ta gane su duka. Ta ce in ya ce "under the weather" jikin ne ya motsa, in ya ce "hold your horses" tana saurin ba shi abinci ne.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga, ya yi ta kokawa da harshe, sannan ya ce, "Take pot luck."

Na maimaita maganar a raina. Shekara takwas ina gaban allo, ban taɓa cin karo da ita ba. Na juya na dubi Mma Fati.

Ta ce, "Wai ka zauna ka ci abin da aka samu a tukunya. Ba mu san za ka zo ba."